Yamai tana sauya kama, wa ke riƙe da hotonta?

Ƙaramar kasuwar tsakiyar Yamai, wadda kowa ya sani da Petit Marché, ta ƙone a shekarar 2012, kuma ba a sake gina ta yadda take ba. Duk wanda ya yi wayo a birnin nan kafin wannan gobara zai iya kwatanta maka ita da baki: layin masu kayan miya, rumfunan mahauta, matan da ke zaune bayan tulin salati da tumatir da suka fito daga garakan bakin kogi, da yaran da ke yanyame mutum da tayin ɗaukar kaya tun bai gama sauka daga taksi ba. Amma idan ka ce ya nuna maka hotonta, sai ka ga ya yi shiru, ko kuma ya shiga intanet ya lalubo maka wanda wani baƙo ya ɗauka yana wucewa. Kasuwar da dubban mutane suka ci abinci a cikinta shekara da shekaru ta tafi, kuma mu da muka yi ciniki a cikinta ba mu ajiye kamanninta ba.

Ni ba sana'ata ba ce ɗaukar hoto. Ma'aikaci ne ni, kuma abin da ya rage mini na lokaci bayan aiki da hidimar gida shi nake kashewa a kan tituna da bakin kogi, wani lokaci da tsohuwar kyamara, wani lokaci da salula kawai. Mutane da yawa, har da na gida, suna kallon wannan a matsayin wasan wanda bai da abin yi, wasu kuma suna kallonsa da zargi. Ra'ayina shi ne wannan aiki na masu sha'awa, waɗanda ba wanda ya aike su kuma ba wanda ke biyansu, aiki ne da al'umma ke bukata, domin su ne kaɗai za su iya ajiye mana kamannin rayuwarmu ta yau da kullum. Sai dai ba zai yi amfani ba sai mai ɗaukar hoton ya san darajar wanda ke gaban kyamararsa, hukuma kuma ta fayyace masa iyakarsa, hotunan kuma sun samu wurin ajiya da ya fi cikin salula tabbas.

A duba saurin da birnin nan ke sauyawa. A 1926 ne aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram aka kawo shi Yamai, kuma a lokacin samun mulkin kai a 1960 mutanen garin ba su wuce kimanin dubu 30 ba. Ƙidayar 2012 ta same su sun haura miliyan ɗaya. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ita kaɗai ce ta haɗa gari da Harobanda, unguwannin ƙetaren kogi, har tsawon shekara 40, sannan gada ta biyu ta zo a 2011, ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché ta biyo baya a 2021. Babbar kasuwa ta ƙone a 1982, aka sake gina ta da wata siffa dabam. A shekarun shirin ƙawata birni na Niamey Nyala an gina gadojin sama, an faɗaɗa tituna, an kwashe rumfuna da shaguna masu yawa daga bakin hanya, kafin taron Tarayyar Afirka na 2019 kuma an tayar da manyan otal-otal a wuraren da a da wasu gine-gine ne ke tsaye. Ba ina jayayya da gina gari ba ne, gari dole ya girma. Abin da nake faɗi shi ne duk ginin da aka tayar, akwai hotonsa na ranar buɗewa, da manyan baƙi da almakashi da ƙyalle, amma abin da aka rushe don a gina shi, mai shayin da ya shekara 20 a wannan kusurwa, bishiyar da tsofaffi ke dara a ƙarƙashinta, fadar samarin unguwa da bencinta da butar shayinta, ba wanda aka ɗora wa nauyin ɗaukar su.

Wannan giɓi ba sabo ba ne. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka, yawancin hotunan ƙasar nan baƙi ne suka ɗauke su, kuma a ƙasashensu aka ajiye su. Baƙo kuwa abin da ya zo nema shi yake gani. Idan ɗan jarida ne ko ma'aikacin agaji, yunwa ta kawo shi, kuma duk wanda ya ga hotunan da suka zaga duniya a lokacin ƙarancin abincin 2005 ya san irin fuskar da aka ba Nijar a wannan shekara: yaro mai kumburarren ciki a hannun uwa, ana auna damtsensa da ɗan zare mai launi. Idan mai yawon buɗe ido ne, kwalliyar Wodaabe a Gerewol ta kawo shi, ko raƙuman Buzaye a bikin gishiri na Ingal, ko hasumiyar masallacin Agadas, ko raƙuman dawa na Kure. Ba ƙarya ba ne ko ɗaya daga cikin waɗannan hotuna, yunwar an yi ta, kwalliyar ma tamu ce. Amma wanda bai san mu ba, idan ya tara su ya duba, zai ɗauka mutanen Nijar ba su da hali sai biyu, ko suna mutuwa ko suna rawa. Ranar Talata ta kowa da kowa, da malamin makaranta a kan babur da littattafan yara ɗaure a baya, da ɗan ga-ruwa yana tura kurarsa a cikin yashin unguwa, da makanikin Katako da ke mayar da tsohon gwangwani tukunya, wannan ranar ba ta sa baƙo ya sayi tikitin jirgi. Sai ɗan gari, wanda yake bin hanyar kullum, shi zai tsaya mata.

Muna da shaida a kan abin da mutum ɗaya mai naci zai iya barin wa gari. Philippe Koudjina, wanda aka haifa a Kwatano a 1940 ya kuma rasu a Yamai a 2014, ya zo birnin nan yana saurayi a daidai lokacin samun mulkin kai, ya yi ta yawo da kyamararsa a gidajen rawa da wuraren bukukuwa da tituna a shekarun 1960 da 1970. A lokacin ba wanda ya ɗauke shi a matsayin marubucin tarihi, mai hoto ne kawai da ke neman abincinsa. Yau idan ana son a ga yadda samarin Yamai na farkon ƴancin kai suke sa tufafi, yadda suke tsayuwa, yadda suke dariya, wurin hotunansa ake komawa. Haka abin yake ga Malick Sidibé da Seydou Keïta a Bamako, sai dai su Mali ta san abin da take da shi, ta kafa babban taron masu ɗaukar hoto na Afirka a 1994, har Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo a Venise a 2007. Namu kuwa ya ƙare rayuwarsa ba tare da garin da ya yi wa hidima ya san shi yadda ya kamata ba. Ina ganin wannan abin kunya ne a gare mu, kuma ina ganin har yanzu ba mu ɗauki darasinsa ba.

Hoton ƙasa da ruwa da sarari shi ne ya fara jawo ni cikin wannan harka, kuma shi ne mutane suka fi rainawa, suna cewa kogi ai kogi ne, jiya yana nan, gobe ma yana nan. Wanda ya faɗi haka bai zauna ya kalli kogin Isa, wato kogin Neja da ya ratsa Yamai, ba. Sau biyu yake cika a shekara, kuma kowace cika da launinta. A watannin Agusta da Satumba ruwan damina ne ke gangarowa ta kogunan Gorouol da Dargol da Sirba daga ɓangaren Burkina Faso, ya zo ja wur da laka, da ƙarfi, yana ɗauke da itace da ciyawa. Wajen Disamba da Janairu kuma ruwan da ya sauka a duwatsun Gine watanni da suka wuce, ya yi ta yawo a fadamun Mali yana zubar da lakarsa, shi ke isowa a natse, mai duhu, mai sanyi. Daga nan sai ya fara janyewa, tsibiran yashi su fito, har a kai watan Mayu da Yuni inda a wasu wurare mutum zai iya tsallakawa ruwa bai kai masa ƙirji ba, shanun Fulani su sauko tsakiyar kogin suna kiwo. Haske ma haka yake. Da hunturu, idan hazo ya sauka, rana takan zama farin faifai da ido zai iya kallo kai tsaye tun da la'asar, tsaunukan nan uku na bayan Harobanda su ɓace gaba ɗaya, kwale-kwalen masunci ya yi kamar yana tafiya a kan hayaƙi. Bayan ruwan farko kuwa, idan iska ta wanke sama, daga bakin Yantala mutum zai ƙirga bishiyoyin da ke ƙetare ɗaya bayan ɗaya. Mai son ya kama waɗannan dole ya fito bayan asuba ko ya jira dab da magariba, domin hasken tsakar rana a ƙasar nan yana cinye launi, yana mayar da fuskar mutum baƙin rami a ƙarƙashin hula.

Kyau ne ke fitar da ni, ba zan ɓoye ba, amma hoton da aka ɗauka don kyau yakan zama hujja idan ya kwana biyu. Tsofaffi suna ba da labarin 1985, shekarar da kogin ya tsaya cak a Yamai ya daina gudu, kuma samarin yau da dama suna jin abin kamar tatsuniya, saboda ba su taɓa ganin hotonsa ba. A Satumbar 2020 kuma ruwan ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa shingen da ke kare shi, ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoye, ya cinye fadamun shinkafa na Saga. Tsakanin waɗannan shekaru biyu akwai labarin yashin da koramu ke zubawa cikin kogi duk damina, da na gidajen da aka yi ta ginawa a hanyar ruwa, da na dajin dogon yaro da aka fara shukawa a 1965 don ya zagaye gari ya tare masa iska da ƙura, wanda yanzu filaye da gine-gine suka ci babban ɓangarensa. Da a ce wani ya tsaya a wuri ɗaya duk shekara, a wata ɗaya, ya ɗauki hoto ɗaya tak ya rubuta kwanan wata, da yau muna da abin da za mu ajiye a gaban duk wanda ke musun waɗannan abubuwa. Gani ya kori ji. Tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19, ruwan 2024 ya kayar da shi, kuma abin da ya rage na ainihin siffarsa ta dā shi ne abin da kyamarori suka riga suka kama.

Duk wannan bai share ƙorafin da mutane ke yi a kan masu ɗaukar hoto a titi ba, kuma a nan ne nake rabuwa da wasu abokan sha'awata. Idan ka ɗaga kyamara a kasuwar Wadata ko a tashar faba-faba, za ka ga mace ta ja mayafi ta rufe fuska, dattijo ya ɗaga hannu, saurayi ya taso yana tambayar wa ya ba ka izini. Wasu daga cikinmu suna kiran wannan jahilci ko rashin wayewa. Ni ina ganin mutanen nan sun fi mu gaskiya. Sun ga an ɗauki hoton ɗan maƙwabcinsu an je an nemi kuɗi da shi, ko sisi bai dawo unguwar ba. Sun ga an ɗauki tsohuwa tana cin abinci ko mai taɓin hankali yana tafiya, an saka a Facebook ko TikTok ana dariya, hoton ya zaga WhatsApp har ya iso salular jikokinta. Wasu kuma dalilinsu na addini ne, kuma ko da yake malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoton kyamara, wanda ya ɗauki fatawar hani ba hurumina ba ne in tsaya ina yi masa gardama a bakin rumfarsa. Fuskarsa ce.

Akwai wata koyarwa da ta zo mana daga Turai da Amurka ta hanyar intanet, wadda ke cewa mai hoton titi na gaskiya ba ya tambaya, yana ɗauka ne kafin a ankara, domin da zarar mutum ya san ana ɗaukarsa sai ya gyara tsayuwa, gaskiyar hoton ta ɓace. Wataƙila wannan ya dace da garuruwan da mutum zai shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. A nan bai dace ba. Titin unguwa a Yamai ba fili ne na kowa-da-kowa da ba mai shi ba, tsakar gida ce da ta faɗaɗa, a nan ake suna, a nan ake zaman makoki, a nan mata ke suyar ƙosai yara na wasa a gefensu. Ɗaukar hoton mutum a irin wannan wuri ba tare da magana ba daidai yake da shiga gidansa ba sallama. Kuma batun cewa tambaya na kashe gaskiyar hoto, wanda ya faɗe shi bai zauna ya jira ba ne.

A ƙarƙashin gadar Kennedy akwai masu wanki da ke fitowa tun da sassafe, su tsaya cikin ruwa har gwiwa, suna buga tufafi a kan duwatsu da tsofaffin tayoyi, sannan su shanya su a kan yashi da ciyawa har bakin kogin ya koma ja da shuɗi da fari. Akwai wani dattijo a cikinsu da na daɗe ina son in ɗauka, saboda yadda yake murɗa zanen gado, ya taka gefe ɗaya da ƙafa, ya juya ɗayan da hannu biyu har jijiyoyin damtsensa su fito. Ranar da na fara zuwa wurinsa kyamarar tana cikin jaka. Na yi sallama, muka gaisa, na tambayi aiki da sanyi. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya ce, "Ɗana, me za ka yi da hoton tsoho mai wanki?" Na ce, "Baba, so nake jikokinmu su san an yi wannan aiki a nan, su kuma san waɗanda suka yi shi." Ya yi dariya ya ce in dawo wata rana. Na yi ta dawowa, ina zama a kan dutse muna hira, har ya saba da ni ya daina kula da abin da ke hannuna. Hoton da na samu a ƙarshe ba na mutumin da ya gyara tsayuwa ba ne, na mutum ne da ke aikinsa a gaban wanda ya sani. Da na wanke na kai masa, sai da ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya kira abokan aikinsa. Washegari uku daga cikinsu suka ce su ma a ɗauke su. Dala ɗari ko ɗari biyu da ake wanke hoto da ita ba ta kai komai ba, amma ita ce ke bambanta wanda ya zo ya ƙwace da wanda ya zo ya yi mu'amala.

Na san ba kowane hoto ne zai yiwu a nemi izininsa ba. Idan raƙumi ɗauke da tabarmi yana ƙetare gada a tsakanin motoci da babura, ko jama'a sun cika titi ranar hawan idi, ba mai iya bin kowa ya tambaye shi, kuma ba a bukatar hakan, domin taron ake ɗauka ba mutum ɗaya ba. Iyakar a wurina a fili take: da zarar fuskar mutum ita ce hoton, to maganarsa ce ta ƙarshe, kafin a ɗauka ko bayan an ɗauka, kuma idan ya ce a goge, a goge a gabansa. Akwai kuma waɗanda ko sun yarda bai kamata a ɗauka ba, saboda ba su cikin halin da za su iya ƙi. Almajiri ɗan shekara bakwai zai ce to ga duk wanda ya nuna masa dala biyar. Wanda ya yi haɗari yana kwance a kan kwalta ba ya iya ɗaga hannu ya kare fuskarsa, kuma abin takaici ne yadda a yau salula ke riga taimako isa gare shi, har iyali su ga gawar ɗansu a waya kafin a zo a yi musu gaisuwa. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da dokar laifukan intanet tun 2019, amma kunya da tarbiyya ya kamata su riga doka hana wannan.

Sai batun tsaro, wanda shi ne ya fi nauyi a yanzu. Ba mai hankalin da zai yi wasa da shi. Tun 2015 ƙasar nan take cikin yaƙi a Diffa, daga baya ya bazu zuwa Tilaberi da arewacin Tawa, kuma a Agustan 2020 an kashe mutum 8 a yankin Kure, wurin da ƴan Yamai suka saba zuwa kallon raƙuman dawa, tafiyar kimanin kilomita 60 daga gari. Gandun dajin W, wanda a da ake kwana a cikinsa ana jiran giwaye su sauko shan ruwa, ya fita daga hannun mai yawo da kyamara. Sojan da ke tsaye a bakin aikinsa ya ga baƙuwar fuska tana auna wani gini da kyamara, yana da dalilin tsayar da shi, kuma ni ban ga laifin hana ɗaukar bariki ko filin jirgi ko fadar shugaban ƙasa ko shingen bincike ba. Wanda ya ce sha'awarsa ta fi ran jami'in tsaro muhimmanci bai cancanci riƙe kyamara ba.

Matsalar ita ce ba wanda ya san inda hanin ya tsaya. An taɓa tsayar da ni a wani wuri a bakin kogi ina ɗaukar faɗuwar rana, ba gini a gabana sai ruwa da kwale-kwale, aka sa na goge duk abin da na ɗauka a wannan yammaci. Wanda ya tsayar da ni bai ci mutuncina ba, amma da na tambaye shi daga ina zuwa ina ne aka hana, shi ma bai sani ba. A wani wurin kuma, mai irin wannan matsayi ya bar ni har ya nuna mini inda zan fi samun haske. Idan doka ta koma ra'ayin wanda ka tarar a ranar, mai bin doka shi ne ke janyewa ya ajiye kyamararsa a gida, mai mugun nufi kuwa ba da babbar kyamara a wuya yake zuwa ba, salula ce a aljihunsa kamar ta kowa, kuma hoton kowane gini na birnin nan daga sama yana cikin intanet. Abin da nake roƙo ba shi da tsada: a rubuta wuraren da aka hana, a kafa alluna a gabansu da Faransanci da Hausa da Zabarmanci da alamar da wanda bai yi karatu ba zai gane, a sanar da jami'ai cewa abin da ke wajen wannan iyaka halal ne. Masu sha'awar su ma su haɗa kansu cikin ƙungiya mai rajista, mai katin shaida da ƙa'idojin da duk wanda ya shiga zai sa wa hannu, ta yadda jami'i zai san wanda ke gabansa, mai hoto kuma ya san akwai abin da zai rasa idan ya ci amanar mutane.

Ko an warware duk waɗannan, akwai ɓarnar da ke faruwa a hannunmu mu da kanmu. Ba a taɓa ɗaukar hotuna a Yamai kamar yadda ake ɗauka yau ba, kuma ina tsoron ba a taɓa asarar su kamar yau ba. Salula ta faɗa ruwa, ko an fizge ta a kan babur, ko ta cika an goge na bara don a samu wurin na bana, shi ke nan. Wanda aka tura ta WhatsApp an matse shi ya rasa ingancinsa, idan aka zo wanke shi da girma sai ya tarwatse. Wanda ya tsira kuma ba suna, ba wuri, ba shekara, bayan shekara 30 ba mai iya cewa wannan Gamkalle ce ko Gudel. Hoton da kakanninmu suka ɗauka a gidan mai hoto, mai baƙi da fari, yana nan a jikin bango ko a ƙasan akwati bayan shekara 60, alhali na sunan ɗan da aka haifa shekara biyar da suka wuce ya bi tsohuwar waya. Duk mai ɗaukar hoto da gaske ya kamata ya zaɓi kaɗan daga na kowace shekara ya wanke su a takarda, ya rubuta wuri da kwanan wata da sunan wanda ke ciki a bayansu, ya kuma ajiye asalin a wuri biyu dabam.

Amma ajiyar mutum ɗaya tana mutuwa tare da shi, magada su raba gida su zubar da takardu. Gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, yana ajiye da ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe miliyoyin shekaru, yana ajiye da gangar bishiyar Tenere da mota ta kayar a 1973, yara ƴan makaranta suna zuwa suna kallo. Ban ga abin da zai hana a buɗe sashe a can, ko a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ko a jami'ar Abdou Moumouni, inda ɗan ƙasa zai kai hotunansa a karɓa, a rubuta sunansa, a kwafe su cikin kwamfuta, haƙƙin mallaka ya zauna a hannunsa da na magadansa. Aikin da ya fi gaggawa ma ba namu na masu salula ba ne. Tsofaffin gidajen hoto na Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram, waɗanda sana'arsu ta mutu da zuwan waya mai kyamara, da yawansu suna da kwalaye cike da fim ɗin da aka wanke hotunan aure da suna da na katin ɗan ƙasa na mutanen gari guda. Zafin watan Afrilu yana lalata shi, damina tana sa masa ruma, gara tana cin kwalin. Masu su tsofaffi ne, kuma su kaɗai ne za su iya duba fim a hasken taga su ce wannan wane ne, a wace unguwa, a wace shekara. Ya kamata a je a same su da na'urar kwafe hoto da littafin rubutu tun suna da ƙarfin zama su yi bayani, a kuma biya su kuɗin aikinsu.